Layin Sanduna

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

A wani gari na bakin gulbi an yi wani mai gyaran babura, ana ce masa Korau, shi ne kuma shugaban jam'iyyarsu a mazaɓar. Wanda ya shigar da shi jam'iyyar tun yana saurayi shi ne Baba Nomau, wani dattijo manomin albasa, aminin mahaifinsa. Da aka zo zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa, sai mutum biyu suka fito: ɗaya mai jini a jika da zaƙin baki, ɗaya dattijo mai sanyin magana. Korau ya zauna a rumfarsa ya yi lissafi. Daga safe zuwa la'asar ba ya ganin kowa sai 'yan acaɓa da samarin kasuwa, don haka ya yanke cewa garin nan na matasa ne, ya bi mai jini a jika. Baba Nomau da tsaransa suka bi dattijon.

Zaɓen kuwa ƙato bayan ƙato aka yi shi, wato a kafa hoton ɗan takara, kowa ya je ya tsaya a bayan wanda yake so, a ƙirga a gaban kowa. Layin Korau ya miƙe daga gindin tsamiya har bakin makabarta. Layin Baba Nomau mutum talatin da bakwai ne cif, yawancinsu sun dogara da sanda. Mata ba su fito ba, don matan garin ba sa tsayawa a fili kafaɗa da kafaɗa da maza. Samari suka fara ihu suna cewa, "Layin sanduna! A kawo musu kujera kada a yi jana'iza a nan!" Korau ya ji, ya san ya kamata ya tsawata. Amma daɗin nasara ya hau masa kai, sai ya taya su dariya.

Washegari da hantsi Baba Nomau ya jawo tsaransa huɗu, suka taka har rumfar. Ya yi sallama, ya miƙa hannu ya ce, "To Korau, Allah ya ba naka. Mun bi. Faɗa mana aikin da za mu kama."

Korau na tsugune gaban wani babur, samari sun kewaye shi. Bai miƙe ba. Ya miƙa wuyan hannu kawai, wai tafinsa da baƙin mai, ya ce, "Baba, ai na ƙirga ku jiya. Ku je ku huta, wannan tafiyar ta masu gudu ce."

Tsohon ya dube shi jim, ya ce, "Madalla, ɗana." Suka juya.

Ba su bar jam'iyya ba, ba su zagi kowa ba. Tabarminsu kawai suka shimfiɗa a zaurukansu, suka yi shiru. Korau ya cika tituna da babura da tutoci, ƙarar oda har ta hana kaji kiwo. Abin da bai tuna ba shi ne, babur iyakarsa ƙofar gida. A garin nan namiji baligi ba ya wuce zauren gidan wani, kuma a shekarun baya, duk lokacin zaɓe, tsofaffin nan ne ke shiga ciki bayan cin tuwo su ce wa matansu da surukansu da 'ya'yansu, ga inda gidan nan ya dosa. Bana ba wanda ya shiga ya faɗa. 'Yan ɗaya jam'iyyar suka lura, sai suka aika matansu. Kowane suna suna nan, kowane biki suna nan, su taya daka, su taya raino, su yi hira.

Ranar babban zaɓe Korau ya isa makarantar firamare da sassafe, ya tsaya turus. Layin mata ya fita daga harabar makaranta, ya zaga bayan masallaci, ya nufi rijiya. Mata ne da bai taɓa ganin fuskarsu ba, alhali a garin aka haife shi. Samarinsa kuwa rabinsu sun tafi ɗaukar fasinja, don ranar aiki ce mai kyau, wasu ma ko katin zaɓe ba su karɓa ba. Da aka ƙirga, mazaɓar da jam'iyyarsu ta riƙe shekara da shekaru ta suɓuce.

Sai da ya kwana uku kafin ƙafarsa ta iya kai shi zauren Baba Nomau. Tsohon ya matsa masa a tabarma, ya sa aka kawo masa ruwa. Korau ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, kun juya mana baya."

"A'a," in ji tsohon. "Ban ce wa kowa kada ya zaɓe ku ba. Ban dai ce a zaɓe ku ba. Ka ce mu huta, muka huta. Kai ka ƙirga kawunanmu a fili, ba ka ƙirga kwanukan tuwon da ake rabawa a gidajenmu ba. Nawa kaɗai goma sha tara ne."

Korau ya nemi gafara, aka kuma yafe masa, domin tsohon ba mai riƙo ba ne. Amma yafiya ba ta komar da ƙuri'a cikin akwati, kuma daga cikin dattawa talatin da bakwai ɗin nan, shida ba su kai wani zaɓen ba, balle Korau ya miƙe tsaye ya gaishe su yadda ya kamata.

Abokan hamayya ba su fi su Korau yawa ba, ba su fi su dabara ba. Ƙofa suka tarar a buɗe. Shi ya sa Hausawa ke cewa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya, kan ɗan kusu.