Gwangwani a Wuyan Surayya

Malam Mudassiru ya rataya wa jikata Surayya gwangwanin tumatir a wuya. Dokar ajinsu ce: duk wanda ya yi Hausa a darasin Turanci, shi zai yi yawo da shi.

Kwana huɗu tana dawowa gida da abin nan, yara na yi mata dariya a bakin kanal ɗin ban-ruwa. Ni ban wuce aji biyu ba, amma ba na ɗaukar raini. Na kira ta daƙiƙiya, na daina amsa gaisuwarta. Rana ta biyar na bar ban-ruwan albasa, na tafi makarantar.

"Malam, ita kaɗai ce ba ta iya ba?"

"Baba, ai ita ce ta ɗaya a ajin. Sau ɗaya ta yi Hausa. Gwangwanin ba ya fita sai ta kama wani ta rataya masa. Kullum tana jin su suna yi, ta ƙi nuna kowa."

Na dubi yaran, duk sun sunkuyar da kai. Na daka mata tsawa: "Nuna ɗaya, ki cire abin kunyar nan!"

Ta riƙe igiyar gam.

"Kaka, ba zan rataya wa kowa ba."