Ƙwayar Iri a Tantin Kwan

Kwan ta murza furen tsakanin yatsunta, sai ta ji wani abu mai tauri. Ƙwayar iri ce. Ta murza wani, ta sake murza wani, duk haka. Ta zauna daɓas a gaban tantin da take renon shukar a ciki, hasken fitila yana dukan fuskarta, 'yar fankar ciki tana ta juyawa abinta.

Da wasa ta fara noman wiwi a ɗaki, shekarar da aka sassauta doka, ita kuma ta dawo garinsu Khon Kaen da digirin aikin gona da ɗokin gwada komai. Wasan ya ƙare ranar da likita ya ce ciwon hantar mahaifinta, Sawat, ya fi ƙarfin aiki. Tsohon kafintan ya daina cin abinci, barci ya gagare shi. Man da za ta tatsa daga furen nan shi ne abu na ƙarshe da take ganin za ta iya yi masa. Furen da ya yi iri kuwa, ƙarfinsa ya riga ya tafi ga 'ya'ya.

Kuma macen wiwi ba ta yin iri sai ƙurar furen namiji ta taɓa ta.

Namiji ɗaya ne ya fito a shukarta, ta kuma gane shi tun bai buɗe ba. Ranar da ta tuge shi, tsohon yana zaune kan kujerar roba yana kallo.

"Shi wannan me ya yi?"

"Namiji ne, Baba. Ba ya ba da komai, sai ɓata sauran."

"To waje da shi," in ji tsohon. "Marar amfani ba ya zama a gida."

Kwan ba ta ɗago ba. Da waɗannan kalmomin ya kori yayanta Ek, tun lokacin da ganyen nan yake kai mutum kurkuku, don ya tsinci ƙulli ɗaya a aljihun wandonsa. Ek ya bar babur ɗinsa ya tafi kudu, ya shiga jirgin kamun kifi. Wata damina jirgin ya dawo babu shi. Tsohon bai yi hawaye ba. Ya kulle ɗakin Ek, ya rataya makullin a wuya tare da layarsa, ya hana a ambaci sunan. Kwan ta lanƙwasa namijin biyu, ta cusa shi a kwandon shara na tsakar gida, ta wanke hannu har gwiwa.

To daga ina ƙurar ta fito?

Zarginta ya faɗa kan maƙwabciyarsu, Inna Lamyai mai sayar da taliya, wadda ke ajiye tukunyar wiwi don ganyen da take jefawa a romo.

"Inna, taki shukar ba namiji ba ce kuwa?"

"Ke 'yar boko, ni namijin da na aura ma ban iya riƙe shi ba, sai na tukunya? Kaji sun cinye ta tun kafin bikin watsa ruwa na sabuwar shekara. Hau rufi ki duba, in kin faɗo kada ki ce ni na tura ki." Ta cika leda da romo. "Ungo, kai wa tsohon nan mai taurin kai."

Kwan ta hau rufin. Babu komai sai busasshiyar tukunya. Da ta koma gida ta liƙe kowace kafa ta tagar ɗakin tantin, ta riƙa sauya kaya in ta dawo daga shagon takin da take aiki. Ɗakin nan ba mai shigarsa sai ita da mahaifinta, wanda kan lallaɓo da sanda kowace yamma, ya dafa bakin tantin ya leƙa, ya ce wari ya yi yawa, ya koma.

Sauran abubuwa ba ta da lokacinsu. Tana wanke rigunansa, tana karkaɗe rawayar hoda daga hannayen rigunan, tana mitar kurkum ɗin da Inna Lamyai ke ɗura masa. Tana samun gorar ruwansa a ƙafe kullum, tana murna ko ba komai yana sha, ko da yake leɓunansa ba su daina tsagewa ba.

Ta tatsi man daga furen mai iri. Ya ɗan sa shi gyangyaɗi, ciwon ya tashe shi. Ta durƙusa a bakin gadon.

"Baba, na ɓata shi. Ban ma san ta ina ba."

Ya daɗe yana kallon rufi, hannunsa a kan laya.

"Ciwon nan nawa ne, auta. Bar ni da shi."

Bai kai girbin shinkafa ba. Inna Lamyai ce ta zare igiyar daga wuyansa, ta damƙa wa Kwan laya da makulli. Bayan an ƙone gawar a haikali, Kwan ta ƙudurta cewa sufayen haikalin za su yi wa uba da ɗa addu'a tare, ko tsohon yana so ko ba ya so. Hoton Ek kawai take buƙata.

Ta nufi ɗakinsa da makullin. Ta shirya wa tsatsa, sai kwaɗon ya buɗe salin-alin, da danshin mai a jikinsa. An share ɗakin. An ɗage labule ɗaya, an ja kujera kusa da taga, inda rana ke faɗowa.

A kan teburin Ek, cikin hular kwanonsa da aka juya bakinta sama aka cika da ƙasa, namijin da ta jefar ne a tsaye, ya zubar da furensa ya bushe, an ɗaure karayarsa da tsinken gora da ƙyallen zanen mahaifinta, ɗauri irin na kafinta.