Amsar Ƙauyenmu

"Ke kika ƙirƙiro bayanan nan," in ji duktur, malamin da ke duba bincikenta, ya juyo mata da kwamfutar.

Ta duba, ranta ya ɓaci. Wata guda ta yi tana bin manoman ƙauyensu gona-gona da tambayoyi kan rabon ruwan tur'a, wato magudanar ban-ruwa, don binciken majistir ɗinta, digiri na biyu a nazarin bayanai. Yanzu da injin ya tattara amsoshin, duk iri ɗaya ne: ruwa na zuwa kan kari, ba a taɓa rigima ba. Har tsohon da ya fasa wa maƙwabcinsa kai da fartanya saboda ruwa, haka ya ce.

Washegari ta hau mota daga Khartum zuwa ƙauyen nasu, Hajj Abdalla, ta tarar da kawunta a bakin gona.

"Kawu, wa ya haɗa muku baki?"

Ya washe baki. "Ni mana, ɗiyata. Bayan Juma'a muka zauna muka tsai da amsa, kada wani ya yi kuskure ya kada ki jarrabawa."

"Kuskuren nake nema! In ba bambanci, me zan auna? Duktur cewa yake ƙarya na yi!"

Abin ya dami Kawu ƙwarai. Can ya gyara rawani.

"To kwantar da hankalinki. Tambayo mana irin bambancin da yake so, mu rarraba, kowa ya haddace nasa kafin la'asar."