Kyauta Iri Biyu

Yana ɗaura wa jitarsa sabuwar tsirkiya sai budurwarsa ta turo ƙofar ɗakin ɗaukar waƙa. Ba ta zauna ba.

"Ina wucewa ta gaban shagon aski na ji waƙar da ka yi mini," ta ce. "Wani ƙato ke rera ta, kumfa fal haɓarsa."

Ya yi murmushi. "Na sake ta a intanet, kowa ya sauke. Kin san ra'ayina, Tauraruwa. Waƙa ruwan sama ce, ba a sa mata farashi."

"Na sani. Ko ranar da Baba ya tambaye ni da me za ka riƙe ni, ban ce ka sayar da baiwarka ba."

"To mene ne laifina? Kyauta na ba ki, kyauta na ba su."

Ta daɗe tana kallon tsohuwar tsirkiyar da ya yar a ƙasa.

"Da sayar da ita ka yi, sai in ce babu ce ta sa, in haƙura. Amma kyauta iri biyu ce. Akwai wadda ake miƙa wa mutum da hannu biyu, akwai wadda ake ajiyewa a bakin hanya, mai so ya ɗauka."

Murmushin ya gushe. "Zan cire ta," ya ce a hankali.

"Daga bakin ƙaton?"

Ya jingine jitar da bango.

Ta kama ƙofa, ba ta waiwayo ba. "Gobe Baba yake jiran amsata kan maganar aurenmu. Kafin nan ka gaya mini, ni wace iri ce a wurinka."