Arba'in Ɗin Sahabi

Tun da aka kafa dokar da ta ce rubutun mamaci zai goge ranar sadakar arba'in, kowa yake kwafe na nasa da wuri. Barmani kuwa ta kasa. Mijinta Sahabi ne ya rubuta manhajar da ke raba wa unguwa ruwan famfo, ya rasu yana tsakiyar gyaranta.

Tana takaba, don haka Ɗanjuma mai gyaran kwamfuta ne ya zo gida ranar arba'in ɗin, mata na tuyar waina a tsakar gida. Ya buɗe fayil ɗin manhajar a kwamfutarsa mai sabon tsari, ya fito fari fat. Ya gwada mai tsohon tsari, haka nan.

"Yaya, a manhajar rubutu ta kwamfutar marigayi kaɗai yake buɗuwa," in ji shi. "Can ma ya fara gogewa daga ƙasa."

Layi dubu huɗu ne. Ta ɗauko biro da littafi, ta fara kwafa daga sama, ba ta gane ko kalma ɗaya.

"Ba za ki kai rabi ba, Yaya."

"Na sani."

A waje wata ta murɗa famfo za ta wanke kwanukan sadaka. Famfon ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.