Lallen Da Ya Rufe Hannun Abibata

Abibata ta haihu a asibiti a Salaga, ta zubar da jini mai yawa. Dama tun yunwar 1983 jikinta bai koma daidai ba. Nas ta buɗe mata tafin hannu a gaban mijinta Wahabu, dillalin doya. Tafin fari fat, kamar ta tsoma shi a gari.

"Jininta ya yi ƙasa ƙwarai," in ji nas. "Bari a gwada naka, in ya dace mu ƙara mata."

Wahabu ya ja hannun rigarsa ya rufe damtse. "Madam, kakar doya ce fa. In kun zuƙe ni, wa zai bi mota zuwa Kpandai?"

Uwarsa Mma Awawu, mai sayar da wake da shinkafa a tasha, ta yi dariya. "Jini? Ai kullum jini nake dafawa a tukunyata!" Karan dafi take nufi, jan ganyen dawa da take rina abincinta da shi, ruwansa ja wur.

Nas ta ce ba ta hana a sha ba, amma ba zai mayar da abin da ya zuba ba. Suka dage sai gida. A bakin ƙofa nas ta riƙo Abibata. "Ki riƙa duba tafin hannunki. In ya tsaya fari, ko numfashi ya yi miki wuya, ki dawo."

Abibata ta gyaɗa kai. Iyayenta suna can Bawku, kuma ba ta taɓa ɗaga murya a gaban surukarta ba.

Safe da yamma ana dire mata kofin jan ruwa. Tana sha, tana duba hannu. Hannu bai canza ba. In ta miƙe sai ɗaki ya juya, ƙirjinta yana bugawa kamar ana daka.

"Mma, jiri nake ji."

"'Yar Bawku, a kanki aka fara haihuwa? Na haifi Wahabu da safe, da yamma ina tasha. Shanye!"

Abibata ta nuna wa mijinta tafin. "Maigida, dubi hannuna." Bai ko sunkuya ba. "Bari a gama suna. Dangi za su zo daga Yendi, ga rago na ɗaure."

Ana gobe suna, Mma Awawu ta ga hannun, ta ɓata rai. "Wannan za ki miƙa wa mutanen Yendi? Su ce ba ma ba ki abinci?" Ta kwaɓa lalle ta ƙunsa mata hannu da ƙafa. Da gari ya waye tafin ya yi ja. Abibata ta dube shi ta daɗe. Abin da nas ta ce ta riƙa dubawa ya ɓace.

Cikin baƙi akwai Gwaggo Zenabu, tsohuwar ungozoma. Ta ji yadda mai jego take haki, ta kama hannunta ta buɗe. Sai lalle. "Ya kama da kyau," in ji ta, ta saki. Abibata ta buɗe baki, ta hango surukarta a tsaye, ta rufe.

Aka yanka rago, jininsa yana bin kwata, tana kallo daga bakin ɗaki. Aka kira ta ta fito ta gaida baƙi. Ta miƙe, ba ta kai tsakar gida ba ta faɗi.

A bayan motar doya aka kai ta asibiti. Wahabu ya shiga da gudu yana naɗe hannun riga. "Madam, ku ɗiba! Duka ma ku ɗiba!"

Nas ta buɗe tafin Abibata, ta ga lalle. Ta taɓa wuyanta, ta ja mayafi ta rufe mata fuska.

"Sauke hannun rigarka, Malam. Babu sauran wadda za a ba."

Naman ragon suna shi aka ba masu ta'aziyya. Jaririn yana ta kuka a ɗaki, Mma Awawu kuwa tana gaya wa mata, "Ba ta shan maganin sosai ne."

Jama'a, maganin itace yana da wurinsa, amma jan ruwa a kofi ba jini ba ne. In asibiti sun ce a ba da jini, a bayar tun mai ciwo tana numfashi, kuma kada a rufe ciwo da ado don gudun bakin baƙi.