Tukunya Biyu

Likitan Damagaram ya duba takardar awo, ya dubi mutumin Gure mai tabo a wuya.

"Malam, zuciyar nan ta gaji."

Matarsa ce ta zabura.

Tun yana yaro aka cire masa ciwon daji a maƙogwaro, aka ce a lura da zuciyarsa har tsufa. Shekara ashirin tana gadinta: tukunyarsa daban, ba gishiri, kullum sai "Ci mana, don zuciyarka ne." Jiya da aka liƙa masa na'urar awon zuciya ta yini da kwana, suna isa masauki ta ɓamɓare ta. Wayoyin lantarki a ƙirjin mijinta? Ita da ko ciwon kai ba ta yi, ita ta ɗaura.

"Likita," ta ce a sanyaye, "tawa ce."

Aka sake awo. Tasa garau, kamar ta doki.

A gida tukunya biyu na nan, kwanuka ne suka yi musaya. Ta kai lomar farko, ta yamutsa fuska.

"Wannan lamin ka ci shekara ashirin ba ka ce uffan ba?"

Ya lashe yatsa.

"Ci mana, don zuciyarki ne."